Hutun Haihuwa: Wa Zai Riƙe Gurbin, Wa Zai Biya?

Ciki kan ba da sanarwa tun da sauran watanni, amma a wuraren aikinmu da dama haihuwa kan faɗo wa shugabanni tamkar gobara. Sai ranar da malama ta miƙa takardar likita ake tambayar wa zai riƙe ajinta. Sai ungozoma ta tafi gida ake tunawa ita kaɗai ke karɓar haihuwa a wurin. Daga nan gunaguni ya tashi, a ɗora wa mai jego laifi, alhali rashin shiri ne ya jawo. A ƙaramar hukuma irin Bagudo, inda garuruwa ke warwatse daga Kaoje zuwa Illo, daga Tsamiya zuwa Lolo, tafiyar ma'aikaciya ɗaya kan bar gari guda ba mai yi masa aiki.

Mu fara da abin da doka ta tanada, domin da yawa ana tauye su ne don ba su sani ba. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mace hutun mako 12: shida kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, shida bayanta. Idan ta yi wata shida tana aiki a wurin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta. Ba a yarda a ba ta takardar sallama tana cikin hutun ba, ko da ta ƙara kwanaki saboda rashin lafiyar da ciki ko haihuwa suka jawo, muddin likita ya shaida. Idan ta dawo, tana da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Sai dai dokar ta fi shafar ƙananan ma'aikata. Manya da ƙwararru kuwa, takardar ɗaukarsu aiki ce madogararsu, don haka a karanta ta tun kafin a sa hannu.

Aikin gwamnati ya fi sauƙi. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya hutunta ba ya gaza mako 16 da cikakken albashi. Jihohi kuma kowace da ƙa'idarta: Legas ta kai shi wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Dalilinsu shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa jariri ya sha nonon uwa zalla har wata shida, abin da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari kacal na jariranmu ke samu. Uwar da aka ce ta koma aiki jaririnta na da mako shida, ta yaya za ta cika wannan?

Wanda ya tsallaka iyaka daga Tsamiya ya shiga Segbana ta Jamhuriyar Benin zai tarar da wani tsari. Dokar ƙwadagon Jamhuriyar Benin ta 1998 ta ba da mako 14 da cikakken albashi, amma ba mai wurin aiki kaɗai ke biya ba. Rabi shi, rabi asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, wanda ake zuba wa kuɗi tun kafin buƙata ta taso. Wannan ya yi kusa da yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000, wadda ta ce hutun kada ya gaza mako 14, kuɗin kada ya gaza kashi biyu cikin uku na albashi, kuma a biya shi daga asusun gamayya.

Hikimar raba nauyin a fili take. A ɗauki mai makarantar kuɗi da ke da malamai shida. Idan malama ɗaya ta haihu, zai biya ta rabin albashi, ya kuma biya mai riƙon ajin, duk daga kuɗin makarantar da iyaye ke kawowa a gutsure. Me zai biyo baya? Wani ya ce ta je ta huta, in ta yaye ta dawo a duba, wato sallama ce cikin lalama. Wani tun wurin ɗaukar aiki yake tambaya: “Kina da aure? Yaushe kika yi haihuwar ƙarshe?” Dokar da aka yi don kare mace sai ta zama sanadin hana ta aiki, domin an jibge kuɗin a kan mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A aikin gwamnati albashi kan ci gaba, amma gurbin ne ke zama wayam. A firamare sai a haɗe aji biyu a ɗaki ɗaya, yara har bakin taga, malami guda ya raba allo biyu da alli, yana koya wa waɗannan lissafi, waɗancan suna jira. A ƙaramin asibiti kuwa abin ya fi haɗari. Mace ta zo awo sau biyu ta tarar da ƙofa a garƙame, ba za ta zo na uku ba. In naƙuda ta zo da gardama cikin dare, ga damina, ga kogin Kwara ya cika, sai neman babur ko kwalekwale. Abokan aikin da aka bar wa nauyin su ma sukan gaji, gobe in wata ta zo da nata cikin sai a tarbe ta da tsaki. Haka ake samun masu ɓoye ciki da babban hijabi har wata bakwai, da masu katse hutunsu don kada a yi musu canjin wurin aiki ko ƙarin girma ya wuce su.

Abin mamaki, a gida mun daɗe da warware wannan. Mace ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jego har arba'in, ba wanda ke ce mata ta daka ko ta ɗebo ruwa. Tun kafin ta haihu an san gwaggo ko kakar da za ta zauna da ita, an tara itacen wanka, an san mai karɓar girki. Mai abinci a tasha ta bar wa ƙanwarta tukwane, mai sarin albasa ta sa a ba ta kwasar adashi ta faɗo daidai watan haihuwa. Mafi yawan matan yankin nan ba su da albashi balle hutun doka, wannan shiri shi ne inshorarsu. Ofis ne kawai bai koyi darasin ba.

Maza ma da rabonsu. Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga iyaye maza ma'aikatan gwamnatin tarayya a 2021, aka fitar da takardar aiwatarwa a 2022: sau ɗaya cikin shekara biyu, har 'ya'ya huɗu. Wasu sun yi dariya, wai ko shi zai yi wankan. Amma wanda aka turo bakin iyaka ya bar iyali a Kano ko Ilori ya san amfanin kwanakin nan: jinya in an yi tiyata, hidimar suna, kai sauran yara makaranta.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Ma'aikaciya ta sanar da shugabanta a rubuce tun ciki na wata biyar ko shida, ta ajiye kwafin takardar amincewa mai ɗauke da ranar tafiya da ranar dawowa, ta kuma rubuta bayanin miƙa aiki: inda aka tsaya a manhaja, rajistar awo, makullai, magungunan da suka rage. Shugaba ya kai rahoto ga sakataren ilimi ko shugaban sashen lafiya a watan da ya ji, ba a makon tafiya ba. Ƙaramar hukuma ta ajiye sunayen masu takardar shaidar malanta ta NCE da ma'aikatan lafiya da ke zaune ba aiki, da waɗanda suka yi ritaya da sauran ƙarfinsu, a ware musu alawus a kasafi don riƙon ƙwarya. Masu makarantu da asibitocin kuɗi su yi asusun haɗin gwiwa, kowa na zubawa duk wata. Ƙungiyoyin malamai da na ma'aikatan jinya kuma su sa ido kada hutu ya zama dalilin hana jarrabawar ƙarin girma.

Duk shugaban da ke da mata a ƙarƙashinsa ya san za a haihu bana, za a haihu baɗi. Tun da haka ne, kuɗin mai riƙon gurbi ya shiga lissafin shekara kamar yadda albashi ke shiga, kuma a tambayi shugaban da aji ko asibitinsa ya zauna rufe, ba mai jego ba.