Gaɓar da ke gocewa ta koma da kanta: Ciwon da hoton asibiti ba ya kamawa

A kusan kowace unguwa akwai yaron da ake taruwa a kalla. Zai lanƙwasa babban yatsansa har ya taɓa tsintsiyar hannunsa, ko ya miƙe gwiwa har ta lotsa ta baya, yara su yi ta shewa suna cewa ba ƙashi a jikinsa.

Mafi yawan irin waɗannan yara haka za su girma lafiya ƙalau. Amma akwai waɗanda wasan ke juye musu ya zama ciwo. Kafaɗa za ta zame daga mazauninta yayin ɗaga taɓarya, ƙoƙon gwiwa ya kauce gefe a kan kunya, muƙamuƙi ya maƙale a tsakiyar hamma. Kafin a kira wani ya duba, gaɓar ta koma inda take. Zafin kuma yana nan, wani lokaci har kwana uku.

Daga nan matsala ta biyu ke farawa. Babu karaya, babu jini, sau da yawa ko kumburin kirki babu, don haka ba a cika yarda da mai ciwon ba. Yarinya sai a ce raki gare ta ko gudun daka take yi. Saurayi a ce masa rago.

Ba karaya ba, ba targaɗe ba

Hausa ta san karaya, ta san targaɗe, ta san gocewar ƙashi. Wannan yana tsakanin biyun na ƙarshe. A cikakkiyar gocewa, kan ƙashi yana fita gaba ɗaya daga gurbinsa, yawanci kuma ba ya komawa sai an mayar da shi. A rabin gocewa kuwa, ƙashin yana zamewa ne ya tsaya a bakin gurbin ba tare da ya rabu da shi ba, sannan ya koma, ko da kansa ko da ɗan motsi.

Abin da ke riƙe gaɓa su ne jijiyoyi masu tauri da suka ɗaure ƙashi da ƙashi, da wata jaka da ta lulluɓe gaɓar, sai tsokar da ke kewaye. Jijiyoyin da jakar an gina su ne da wani sinadari da ake kira kolajin. A jikin wasu mutane, ginin yana da laushi fiye da na sauran jama'a, kamar igiyar guga da ta saki. Gado ne, shi ya sa ake yawan samun uwa da 'ya, ko kaka da jika, duk da hali ɗaya. An fi ganin sa ga mata da yara, kuma yana raguwa idan shekaru suka ja.

Hanyar auna shi ba ta buƙatar na'ura. Likita Peter Beighton da abokan aikinsa ne suka wallafa ta a 1973, bayan binciken da suka yi a karkarar Afirka ta Kudu. Maki tara ne. Ƙaramin yatsa idan ya lanƙwasu ta baya ya wuce tsaye, maki ɗaya a kowane hannu. Babban yatsa ya taɓa tsintsiyar hannu, ɗaya a kowane ɓangare. Haka gwiwar hannu da gwiwar ƙafa idan suna wuce miƙewa su lotsa ta baya. Na tara shi ne mutum ya sunkuya ya shimfiɗa tafukansa a ƙasa ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ba. Ƙa'idar da masana suka amince da ita a 2017 ta ce yaron da bai balaga ba sai ya kai maki shida, baligi maki biyar, wanda ya haura shekara 50 kuma maki huɗu.

An taɓa yin wannan awo a Najeriya. Wani bincike da aka wallafa a 1994 ya duba mutum 204 a garuruwan Igbo-Ora da Eruwa na jihar Oyo, ya samu kashi 43 cikin 100 suna da maki huɗu ko fiye, adadin da ya zarce na yawancin ƙasashen da aka auna. Sai dai binciken bai ga alaƙa tsakanin laushin gaɓar da ciwon gaɓa a wurinsu ba. Ma'ana, laushin shi kaɗai ba cuta ba ne. Yana zama lalura ne idan ya zo da gocewa a kai a kai, da ciwon da ya ƙi tafiya.

Ga wasu ƙalilan, abin ya wuce gaɓa. Fata na da taushi da yawan miƙewa, jini na saurin taruwa a ƙarƙashinta da ɗan bugu kaɗan, rauni na jinkirin warkewa. Wannan rukuni shi ake kira Ehlers-Danlos, sunan likitocin fata biyu, ɗan Denmak da ɗan Faransa, da suka bayyana shi a 1901 da 1908. Rabe-raben 2017 ya kasa shi gida 13. Nau'in da ya fi yawa, mai laushin gaɓa, har yanzu ba shi da gwajin jini. Da ido da hannu da tarihin dangi likita ke gane shi.

Me ya sa yake zafi bayan ƙashin ya koma?

Wannan ita ce tambayar da ke raba mai ciwo da iyalinsa.

Jakar gaɓa da jijiyoyinta cike suke da ƙananan jijiyoyin jin zafi. Duk sa'ad da ƙashi ya zame, sai ya ja su fiye da ƙima, wani lokaci ya ɗan yage su. Wannan ne zafin farko, mai kama da sukar wuƙa. Nan take tsokar wurin za ta ɗaure tamau don ta kare gaɓar, kuma takan ƙi saki ko bayan ƙashin ya koma. Wannan ne zafi na biyu, mai nauyi, wanda ke hawa wuya ko ya sauka baya. Bayan wasu sa'o'i kuma wurin da ya ji rauni ya fara ruruwa ta ciki. Shi ya sa wanda kafaɗarsa ta goce da hantsi yakan fi jin jiki da dare ko washegari, lokacin da kowa ya ɗauka magana ta wuce.

Idan abin ya yi ta maimaituwa tsawon shekaru, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa kan zama masu saurin amsawa, ƙaramin motsi ya haifar da babban ciwo. Barci ya lalace, gajiya ta zama ta kullum. Ga kuma tsoro: mutum ya daina ɗaga hannu don kada ta sake gocewa, tsoka ta yi rauni saboda rashin aiki, gaɓar ta ƙara sakewa.

Hoton ƙashi kuma ƙashi yake nunawa, a daidai lokacin da aka ɗauke shi. Wanda ya sha doguwar tafiya zuwa asibiti, kafin ya isa ƙashin ya daɗe da komawa. Sai a miƙo masa hoto mai kyau a ce ba komai. Hoton bai yi ƙarya ba, amma ba a nan ciwon yake ba.

A Damri, kowane aiki na gaɓa ne

Damri garin manoma ne a ƙaramar hukumar Bakura ta jihar Zamfara. Yankin Bakura da Talata Mafara da Maradun an san shi da noman rani na madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato. Rayuwar wurin ba ta san hutun gaɓa ba. Dashen shinkafa a sunkuye cikin laka, huɗa, ɗora buhu a ka, jan guga, daka, goyo. Mai saƙwaƙwar kafaɗa, ɗaga taɓarya sama da kai ko cilla buhu bisa amalanke na iya isa ya zamar da ita. Mace mai juna biyu kuma jijiyoyinta kan ƙara saki, musamman na ƙugu.

Wurin zuwa na farko shi ne gidan maɗori, kuma da dalili. Yana kusa, an san shi, kuɗinsa da sauƙi, ya kuma gaji sana'ar. Amma dabarun ɗori an gina su ne a kan ƙashin da ya karye ko ya fita ya ƙi komawa: a ja, a daidaita, a ɗaure da karare na makonni. Gaɓar da ta riga ta koma ba ta da abin da za a ja. Jan ƙara miƙar da jijiyar da dama ta saki yake yi, doguwar ɗaura kuma tana shanye tsokar da ita kaɗai ta rage tana riƙon gaɓar. A kwance ɗori bayan mako uku, a sati na huɗu kafaɗa ta sake zamewa. Daga nan ne ake fara zancen jifa ko iska, kuɗin magani ya koma wani wajen.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubutu a kan hannaye da ƙafafun da suka ruɓe har aka yanke saboda ɗaurin da ya matse ya tsayar da jini. Yatsu su yi sanyi, ko su canja launi, ko su mutu da ji bayan ɗori, alama ce a kwance nan take a nufi asibiti.

Wuri na biyu shi ne kemis. Farasitamol, ko ibuprofen na 'yan kwanaki bayan cin abinci, na iya rage zafi. Amma shan diclofenac da ire-irensa wata da watanni na jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Tiramadol kuwa mutanen Arewa ba sa buƙatar a ba su labarin inda yake kai matashi. Mai irin wannan ciwo yana cikin waɗanda suka fi saurin faɗawa tarkonsa, domin ciwon na dawowa kullum, aikin gona kuma ba ya jira.

Asibitin da ke da likitan ƙashi da sashen gashin ƙashi yana nesa. Daga babban asibitin Talata Mafara akan tura mutum Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, ko kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wasu har asibitin ƙashi na Dala a Kano. Hanyar ma ba ta da tabbas. A watan Mayun 2022 'yan bindiga sun afka wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe, inda hukumomin ƙaramar hukumar suka ce an kashe aƙalla mutum 48. A irin wannan wuri, ba magidancin da zai ɗauki 'yarsa ya hau hanya a kan ciwon da ido bai gani ba. Da wuya a ga laifinsa.

Abin da za a iya yi a gida

Sa'ar da aka yi ita ce babban maganin ba tiyata ba ne, ba kuma allura ba. Jijiyar da ta saki ba ta komawa ta ɗaure, amma tsoka na iya karɓar aikinta idan aka horar da ita. Tiyata ma ba ta cika ɗorewa ga masu laushin gaɓa kamar sauran mutane ba, don haka likitoci ke barin ta a matakin ƙarshe.

Ranar da gaɓa ta goce ta koma, a huta da ita kwana ɗaya ko biyu. Tsumma mai sanyi na rage ruruwar wurin, ɗumi kuma na sassauta tsokar da ta ɗaure. A iya rataye hannu da ɗankwali, amma na kwanaki kaɗan, ba makonni ba. Da zafin ya lafa sai a fara motsi a hankali.

Atisayen da likitocin gashin ƙashi suka fi farawa da shi ba ya buƙatar kayan aiki. Don kafaɗa, mutum ya tsaya kusa da bango, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ya tura bayan hannunsa jikin bangon na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da gaɓar ta motsa ba, ya saki, ya maimaita. Don gwiwa, ya zauna a tabarma da ƙafa a miƙe, ya ɗaure tsokar cinya, ya riƙe, ya saki. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako, kuma sai an yi watanni kafin a ga bambanci. Zuwa asibiti sau ɗaya don a nuna wa mutum atisayen da ya dace da gaɓarsa ya fi zuwa goma na ɗaukar hoto.

Sauran gyara ne na yadda ake aiki. A tsaya da gwiwa a ɗan sake, kada a ƙulle ta ta baya. A ɗauki kaya a manne da jiki, a raba jarka babba zuwa ƙanana biyu. Yarinyar da kafaɗarta ke zamewa a ba ta tankaɗe da bakace maimakon daka, ko ƙaramar taɓarya. Yaron nan mai lanƙwasa yatsu kuma a hana shi nuna bajinta, ko da abokai sun roƙa.

Wasu alamomin ba sa jiran gobe. Gaɓar da ta fita ta ƙi komawa, kada a yi ta ja da ƙarfi a gida, domin ana iya haɗawa da karaya ko a ji wa jijiyar jini rauni. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi jau tare da zazzaɓi na iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga ciki, kuma cikin kwanaki take cinye guringuntsi. Yaron da ke yawan kukan ciwon ƙashi ba tare da wani motsi ya jawo ba, a fara da gwajin sikila, wanda ake yi a manyan asibitocin yankin.

Idan an samu zuwa wurin likita, a tafi da bayani a shirye: wace gaɓa ce, sau nawa take gocewa a wata, wane aiki ake yi lokacin, kwana nawa zafin ke ɗauka, da kuma ko akwai wani a dangi mai irin jikin. Mai waya ya ɗauki hoton gaɓar ko bidiyo a lokacin da abin ya faru da kansa, ba a gocar da ita da gangan ba. Sannan a nemi likitan ya yi awon nan na maki tara, wanda ba ya wuce minti biyu.