Daga Ma'aji Zuwa Shugaban Sashen Kuɗi: Matsalar Zaɓen Mai Riƙon Dukiyar Kasuwanci a Kurya Madaro da Kewaye

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matakin da kasuwanci yake kaiwa inda maigida ba zai iya ci gaba da riƙe lissafinsa a ka ba, dole ya nemi wanda zai shugabanci sha'anin kuɗinsa. An ɗauki yankin Kurya Madaro da Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi a matsayin farfajiyar nazari. An bi diddigin kalmomin da Hausa take kiran mai wannan aiki da su, domin nuna cewa kowacce daga cikinsu ɓangare ɗaya na aikin ta ɗauka, kuma ɓangaren da aka bari ba suna shi ne wanda kasuwanci mai bunƙasa ya fi buƙata.

1.0 Gabatarwa

Kurya Madaro gari ne a Ƙaramar Hukumar Ƙaura Namoda ta Jihar Zamfara, kuma arzikinsa, kamar na maƙwabtansa, a kan noma da kiwo da cinikin amfanin gona ya dogara. Tun da layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929, yankin ya zama mahaɗar gyaɗa da auduga, inda kamfanonin Turawa suka kafa wuraren awo, suka zo da sikeli da littafin lissafi da akawu. Jirgin ya daɗe da daina ɗaukar wannan kaya, amma cinikin bai mutu ba. Ya koma ga gero da dawa da wake da dabbobi, yana bi ta kasuwannin mako irin ta Shinkafi, daga nan ya nufi kudancin ƙasar nan ko ya tsallaka Nijar.

Ɗan kasuwar da ya fara da buhu ashirin yana sane da kowane buhu da kowane mai bashi. Idan Allah ya buɗa masa ya kai ga sito uku da motoci biyu da yara masu saye a kasuwanni biyar, ƙwaƙwalwarsa ba ta ƙaru tare da jarinsa ba. A nan ne ake ce masa ya nemi akanta. Shawarar ba ta da laifi, sai dai ba ta faɗi wane aiki za a ba mutumin ba, kuma a nan ne yawancin asarar take farawa.

2.0 Sunayen mai riƙon kuɗi a Hausa

Mafi daɗewa daga cikin sunayen shi ne ma'aji, wanda aka ƙera daga aikatau ajiye. A wasu masarautu Ajiya ake cewa. Sarauta ce ta fada, kuma ta sami sabon nauyi a farkon mulkin mallaka, lokacin da aka fara tsarin baitulmali a Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, kafin ya bazu zuwa sauran masarautun Arewa. Ma'anar kalmar ba ta wuce asalinta ba: ma'aji yana karɓa, yana ajiyewa, yana fitarwa idan an umarce shi. Abin da ake nema gare shi amana ce. Ba a tambayarsa ko ya dace a kashe kuɗin.

Akawu kuwa aro ne daga Yarabanci, daga kalmar da take nufin marubuci, kuma wannan aron da kansa tarihi ne, domin yana nuna waɗanda suka fara riƙe alƙalamin kamfanoni a tashoshin jirgi irin Ƙaura Namoda. Aikin akawu rubuta abin da ya riga ya faru ne. Daga baya Ingilishi ya ba mu kashiya da akanta da odita: mai ƙirga, da mai tsara lissafi, da mai bincikar lissafin wani.

Fatauci ma yana da nasa tsarin tun kafin waɗannan. Paul Lovejoy, a nazarinsa na 1980 kan fataken goro, ya nuna cewa madugu ba shi kaɗai yake tafiyar da ayari ba, akwai jagaba da uban dawaki da malamin da yake riƙe rubutu. Abner Cohen kuma, a bincikensa na 1969 kan unguwar Sabo ta Badun, ya bayyana yadda maigida yake tsaya wa cinikin shanu da ake yi bashi tsakanin fataken Arewa da mahautan Yarabawa, da taimakon dillalai da yaran da suke bin kuɗi. Abin lura a duka biyun shi ne, hukunci a kan wanda za a ba bashi da nawa za a ba shi yana hannun maigida. An raba aikin hannu, ba a raba aikin tunani ba.

Saboda haka idan aka ce shugaban sashen kuɗi, ana fassara wani muƙami ne da babu takwaransa a cikin waɗannan sunaye. A ganina, mafi kusa da shi a tsarin Hausa waziri ne. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ware waziri daban da mai tara haraji, ya kuma siffanta shi da wanda yake faɗakar da shugaba yana tunatar da shi. Wannan shi ne aikin da ake magana a kai: mutumin da zai dubi lissafi ya gaya wa mai dukiya abin da ba ya son ji, tun kafin a kashe kuɗin.

3.0 Inda ajiya da rubutu suke gazawa

Bari a ƙaddara misali, da alƙaluman da aka zaɓa domin sauƙin lissafi kawai. Wani ya sayi buhun gero 500 da kaka a kan naira 40,000 kowanne, wato naira miliyan 20. Bayan wata shida farashi ya kai 50,000. A bakin kasuwa za a ce ya ci ribar miliyan 5, shi ma haka zai ɗauka. Amma idan dako da lodi da maganin ƙwari da hayar sito da gadi sun ci 2,500 a kowane buhu, miliyan 1 da dubu 250 sun tafi. Idan buhu 10 sun salwanta ta hanyar ɓarna da raguwar awo, dubu 500 sun bi su. Saura miliyan 3 da dubu 250. A mafi yawan watannin 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a shekara, wato kusan kashi 15 a wata shida. Ke nan wajen miliyan 3 daga abin da ya rage cike gurbin darajar da uwar kuɗin ta rasa ne. Ribar gaske ba ta wuce dubu 250 ba, ita ma sai in waɗanda aka ba kaya bashi sun biya. Ma'aji zai kawo miliyan 24 da rabi cif, akawu zai rubuta su daidai, kuma babu ɗayansu da ya ci amana. Duk da haka maigida zai iya ƙara aure ko ya sayi mota da kuɗin da yake zaton riba ne, alhali jarinsa yake ci.

Shekarun baya-bayan nan sun tsananta wannan a arewacin Zamfara fiye da wurare da yawa. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, wanda hakan ya tsayar da tura kuɗi ta waya da ta na'urar POS. A farkon 2023 sauya fasalin naira ya janyo ƙarancin takardun kuɗi, manomi ba ya karɓar turawa, mai saye ba shi da tsaba. A watan Yuni na wannan shekarar aka saki farashin naira, bayan juyin mulkin Yuli a Nijar kuma aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Sai kuma 2025, da farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka tara da tsada suka sayar da asara. Kowane ɗayan waɗannan tambaya ɗaya ya yi wa ɗan kasuwa: idan ciniki ya tsaya wata biyu, da me za ka biya yara da masu binka? Amsarta tana buƙatar wanda ya riga ya ƙiyasta shige da ficen kuɗi na watannin gaba, ya ware abin da ba za a taɓa ba, ya kuma hana a zuba jari duka a kaya ɗaya.

Akwai kuma hakkoki biyu da lissafin ka ba ya iya fitarwa. Na farko zakka. Mazhabar Malikiyya ta bambanta ɗan kasuwar da yake juya kaya kullum, wanda zai ƙiyasta hajarsa duk shekara ya fitar da ɗaya bisa arba'in, da wanda yake ajiye kaya yana jiran kasuwa, wanda sai ya sayar yake fitarwa. Attajirin da yake yin duka biyun ba zai san abin da yake kansa ba in ba a raba littattafan ba. Na biyu gado. Kasuwancin da babu iyaka tsakanin aljihun maigida da asusun ciniki yakan watse ranar rabo, domin ba wanda ya san bashin da ake bi da wanda ake binsa. Ba banza ba Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya bar harkarsa a ƙarƙashin kamfani mai ɗauke da sunansa da na 'ya'yansa.

4.0 Ɗan gida ko baƙo

Al'ada ta fi karkata ga ɗan gida: ƙane, ko ɗa, ko yaron da aka rena tun yana ƙarami. Masu nazarin kasuwanci na zamani sukan yi saurin kiran wannan ci baya. Ban ga dalilin wannan gaggawa ba. Wanda ya riƙe littafin attajiri ya san nawa yake da shi, da ranar da kuɗi za su taso daga kasuwa, da hanyar da za su bi. A yankin da garkuwa da mutane ta addabi Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙaura, wannan sani yana iya zama sanadin rai. Rufin asiri a nan matakin tsaro ne, kuma maigidan da ya yi jinkirin buɗe wa baƙo littafinsa yana da hujja.

Illar ɗan gida ta wata fuska take. Kunya da girmamawa, waɗanda suke sa a amince da shi, su ne suke ɗaure masa baki. Ƙane ba zai ce wa yayansa, "Wannan kuɗin ba naka ba ne, na kamfani ne." Idan kuma shi ya yi kuskure, zumunci zai hana a tuhume shi, sai a yi shiru har ɓarnar ta girma. Baƙon da ya zo da takarda, ko daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ko mai shaidar ƙungiyar akantoci ta ICAN ko ta ANAN, ya fi sakin baki. Amma takarda ba ta koya masa bambancin tiyar wannan kasuwa da ta waccan, ko yadda ake bin dattijo bashi ba tare da an rasa cinikinsa ba. Suratu Yusuf, a aya ta 55, ta haɗa siffa biyu ga mai kula da taskokin ƙasa, tsarewa da sani. Ɗan gida yakan zo da ta farko, baƙo da ta biyu, kuma samun su a jikin mutum ɗaya a ƙauye abu ne mai wuya.

5.0 Abin da zaɓen yake buƙata

Tunda haka ne, mafita mafi sauƙi ita ce a daina neman mutum ɗaya ya yi komai. Wanda yake riƙe tsaba daban, wanda yake rubutawa daban, wanda yake dubawa daban. Ɗan gida yana iya ci gaba da riƙe makulli, shugaban kuɗi ya riƙe littafi da hasashe, ba tare da kuɗi suna bi ta hannunsa ba. Wannan rabo yana kare shi kansa ma'aikacin daga zargi. Kasuwancin da bai kai ɗaukar albashin ƙwararre ba yana iya yin yarjejeniya da wanda zai riƙa zuwa daga Gusau ko Ƙaura sau biyu a wata, kafin a kai ga ɗaukar na dindindin.

Gwajin da ya fi tambayoyin baki amfani shi ne a miƙa wa mai neman aikin lissafin kaka ɗaya da ta wuce, an cire sunaye, a ce ya faɗi inda kuɗin suka shiga. Wanda ya dawo da jimla mai kyau akawu ne. Wanda ya dawo da tambayoyi, yana son sanin dalilin da bashin mutum ɗaya ya kai kashi uku na jari, ko me ya sa kuɗin cefane suke fita daga asusun sayen kaya, shi ake nema. A haɗa da tsohuwar al'adar mai tsayawa, wato mutumin kirki sananne da zai lamunce shi, da wa'adin gwaji da zai ratsa kaka da bazara, domin a ga halinsa lokacin da kuɗi suke shigowa da lokacin da suke ƙaranci. Game da lada, fiƙihu ya san ba ma'aikaci kaso daga riba, kamar yadda ake yi a ƙiradi, amma bai kamata a ɗora dukan ladan mai auna riba a kan ribar da shi zai auna ba. Albashi tsayayye ya fi dacewa da shi.

Sharaɗi mafi nauyi a kan maigida yake. Kafin sabon ma'aikacin ya fara, sai maigida ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka duk wata, ya amince a rubuta duk abin da ya wuce haka a matsayin bashi a kansa, har da kyautar biki da gudummawar siyasa. Sai kuma ya sanar da 'ya'yansa da yaransa, a gaban mutumin, cewa babu kayan da za su fita bashi sama da wani adadi sai da sa hannunsa, ko da maigidan ne ya yi alkawarin a bakin masallaci.