KA SAYI ZOMO? GA ABIN DA YAKE BUƘATA



Da yawa daga cikinmu mun taɓa tara kuɗin tara muka sayi ɗan zomo, amma kafin mako biyu sai a wayi gari ya mutu, a ce ai zomo ba shi da ƙwari. Sau da yawa laifin na mai kiwon ne. Ga abubuwan da ya kamata ka sani tun ranar farko.

Wajen saye

Kada ka sayi wanda bai kai mako 6 zuwa 8 da haihuwa ba, domin bai gama shan nono ba. Duba idonsa ya zama garau, hancinsa a bushe, kunnensa babu ƙuraje, gindinsa kuma babu alamar gudawa.

Wurin kwana

A haɗa masa keji na katako da waya, tsawon kamar mita 1, faɗi santimita 60, a ɗora shi kan ƙafafu don ɓera da kyanwa da kare da maciji. A sa ɗan falanki a ciki inda zai huta, saboda waya tana yi masa ciwo a tafin ƙafa. Idan a ɗaki za a sake shi, a yi daɓen siminti, in ba haka ba zai haƙa rami ya fice.

Babban abokin gabar zomo shi ne zafi. Ba ya gumi kamar mu, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki. Don haka a ajiye kejin a inuwa mai iska. Lokacin bazara, a watan Maris da Afrilu, a jiƙa buhu a shimfiɗa a saman kejin. Da hunturu kuma a kare gefen da iska ke bugowa.

Abinci

Mafi yawan abincinsa ciyawa ne da harawar wake ko ta gyaɗa. Haƙoransa ba sa daina girma, tauna ce ke rage su. A ƙara masa da ganyen dankalin Hausa, yaɗiya, zogale da 'yar dusa. Karas kaɗan ya isa, domin yana da zaƙi. Ɗanyen ganye mai raɓa a bar shi ya sha iska tukuna, kuma sabon abinci a fara da kaɗan-kaɗan. A guji ciyawar da aka yi wa feshi, da albasa, da ganyen dankalin Turawa, da ragowar tuwo ko burodi. Zomo ba ya iya amai, duk abin da ya haɗiye sai ya bi ta cikinsa.

Masu cewa zomo ba ya shan ruwa sun yi kuskure. A zuba masa ruwa mai tsabta kullum a kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba.

Kulawa

Kada a ɗaga shi ta kunne. Sa hannu ɗaya a ƙirjinsa, ɗayan ya tallafi gindinsa, ka rungume shi a jikinka. Ba a yi masa wanka. A share kejin kowace safiya. Kashin kuwa taki ne mai kyau ga lambun makaranta. In ka ga yana cin wani kashinsa mai laushi, kada ka tsorata, halittarsa ce.

Namiji da mace a raba su tun suna wata 3, domin cikin zomanya kwana 31 ne kacal, kafin ka ankara keji ya cika.

Idan ya yini bai ci ba, ko yana gudawa, ko yawan susar kunne, maza a kai shi wurin likitan dabbobi, kada a jira gobe. Rigakafi dai ya fi magani. Kafin ka miƙa kuɗinka, tambayi kanka: wa zai ba shi ruwa da harawa ranar da kake makaranta?