Shekara 88 a Gaban Madubi: Sai Ɗan Wasa Ya Ƙera Jaruminsa da Kansa?

A watan Agustan 2023 kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya saki wasan kwamfuta mai suna Baldur's Gate 3. Ba a jima ba ya fitar da wani lissafi mai ban mamaki: in aka tara lokacin da 'yan wasa suka shafe a ƙarshen makon farko kaɗai, tun ba su sa ƙafa cikin labarin ba, zai kai shekara 88. Me suke yi? Ƙera mutum suke yi. Wannan yana daidaita launin ido, wancan yana gwada gemu, wata tana shawarar ko ta ɗora wa jarumarta ƙaho da jela. Kamfanin ya tanadi shiryayyun jarumai, kowanne da sunansa da tarihinsa, amma kashi 93 cikin 100 na 'yan wasan suka ce su dai nasu za su gina.

Irin waɗannan wasanni su ake kira RPG a taƙaice. Sun bambanta da gem ɗin ƙwallon ƙafa da matasa ke taruwa a kai a shagunan unguwa, inda cikin minti goma an san wanda ya ci. A nan mutum shiga rigar wani yake yi, ya zauna cikin wata ƙirƙirarriyar duniya awa hamsin ko ɗari, yana yaƙi, yana ciniki, yana ƙulla abota da gaba, jarumin nasa kuma yana ƙara ƙarfi da ƙwarewa. Masoya wasannin sun daɗe suna gardama a kan abu guda. In an miƙo wa ɗan wasa jarumi da sunansa da fuskarsa a gama, wasan ya cancanci sunan RPG kuwa? Ko sai in shi ya zana shi da hannunsa?

Masu cewa dole ne suna da hujja daga tarihi. Asalin abin ba a kwamfuta yake ba, a kan tebur yake. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da abokai ke zama su yi da takarda da fensir, ɗaya daga cikinsu yana ba da labari, sauran suna faɗin abin da jarumansu za su yi. Kafin a fara, kowa zai jefa ƙwayoyi uku masu fuska shida irin na lido, ya rubuta makin da ya samu a fannoni shida: ƙarfi, basira, hikima, zafin nama, juriyar jiki da kwarjini. Daga nan ya zaɓi sana'a, ko mayaƙi, ko mai sihiri, ko malamin addinin wannan duniya ta labari. Wasannin RPG na farko-farko a kwamfuta, irin su Wizardry da Ultima na 1981, wannan takarda suka kwafa zuwa allo.

Sai dai akwai abin lura a nan, wanda masu gardamar kan tsallake. A waccan takarda babu hanci babu gira. Abin da ɗan wasa ke zaɓa shi ne abin da jaruminsa zai iya da abin da zai gagare shi. Richard Garriott, mai wasan Ultima, ya ƙara nisa a Ultima IV na 1985: wata mai duba ce ke tarar ɗan wasa da tambayoyi, kowace tambaya tana haɗa kyawawan halaye biyu karo. An ba shi amanar jakar zinariya da ba a ƙirga ba, ya haɗu da mabaraci a hanya. Zai kai amana cif, ko zai cire ƙwaya ɗaya ya ba shi? Amsoshinsa ne ke yanke masa sana'a da garin da zai fara. A Fallout na 1997 kuwa, wanda ya bar basirar jaruminsa ƙasa da maki 4 cikin 10 zai tarar da wani wasa dabam. Jarumin ba ya iya haɗa jimla, mutanen gari suna yi masa dariya ko su ji tausayinsa, ayyuka da yawa suna rufe masa. Marubutan sun zauna sun rubuta masa maganganu nasa na kansa, don kawai zaɓin da aka yi a minti na farko ya ci gaba da bin mutum har ƙarshe.

A Japan sai aka bi wata hanya. Yuji Horii, wanda ya ƙirƙiri Dragon Quest a 1986, ya koyi abubuwa da yawa daga Wizardry da Ultima, amma ya sauƙaƙa su don yara masu na'urar Nintendo a gida. Da tafiya ta yi nisa, kamfanonin Japan suka karkata ga jarumi rubutacce, mai iyaye, mai baƙin cikinsa, mai sirrin da labari zai tona. Final Fantasy VII na 1997 ya yarda mutum ya sauya wa jarumin wasan, Cloud, suna, iyakarta ke nan. Gashinsa mai tsini da ƙaton takobinsa da ruɗanin da ke kansa game da ko shi wane ne, duk ba sa taɓuwa. Miliyoyin mutane suka buga shi, kuma ga yawancinsu shi ne ya fara nuna musu mene ne RPG.

Babbar hujjar masu cewa ba dole ba ne daga Poland ta zo. The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt Red ya fitar a 2015, ba ya tambayar kowa irin jarumin da yake so a farkonsa. Geralt ne jarumin, maharbin dodanni mai farin gashi da tabo a ido da takubba biyu a baya, wanda marubuci Andrzej Sapkowski ya ƙirƙira tun 1986. Abin da ɗan wasa ke da iko a kai na kamannin fuskarsa bai wuce zuwa wurin wanzami ba. Duk da haka da wuya a sami wanda ya gama wasan bai ji cewa Geralt ɗinsa nasa ne ba, kuma dalilin yana cikin yadda aka ɗinka labarin Ciri, yarinyar da Geralt ya riƙa kamar 'yarsa.

Makomar Ciri ba a fagen fama ake yanke ta ba. Bayan rasuwar wani dattijo da ya rene su, tana cikin ƙunci, Geralt zai iya zama ya sha da ita, ko ya ja ta waje su yi jifan juna da ƙanƙara har ta yi dariya. Za ta gana da wasu manyan mata masu sihiri, zai iya raka ta ya yi magana a madadinta, ko ya tsaya a ƙofa ya bar ta ta tsaya da ƙafarta. Mahaifinta, wanda sarki ne, zai miƙo masa ladan kawo ta, zai iya karɓa a gabanta ko ya ƙi. Ta nemi ya raka ta kabarin wani saurayi da ya taimake ta, zai iya cewa babu lokaci. Wasan ba ya kaɗa ƙararrawa ya ce ga muhimmin zaɓi. Sai bayan awoyi masu yawa waɗannan ƙananan abubuwa ke taruwa su yanke ko Ciri za ta dawo ta zama maharbiya, ko ta hau gadon sarauta, ko ba za ta dawo ba. Abin da aka bar wa ɗan wasa ya ƙera a nan shi ne irin uban da Geralt zai zama, kuma wannan ya fi zaɓin tsawon hanci nauyi nesa ba kusa ba. Zuwa 2023 wasan ya sayar da kwafi sama da miliyan 50.

Akwai kuma dalilin kuɗi da aiki, wanda 'yan wasa ba su cika tunawa ba. Jarumi mai suna ɗaya ana iya ɗaukar muryarsa, sauran mutanen labari su kira shi da sunan, a tsara masa kuka da fushi a fuska. Jarumin da kowa zai gina yadda ya so kuwa, dole marubuci ya yi ta kewaye-kewaye, yana sa a kira shi "baƙo" ko "fursuna". Kamfanin BioWare ya sami dabara a Mass Effect na 2007: ɗan wasa ya zaɓi fuska da jinsi da sunan farko, amma sunan mahaifi ɗaya ne, Shepard, kuma da shi kowa ke kira. Kamfanin Bethesda ya gwada haɗa biyun a Fallout 4 na 2015, ya ba jarumin murya, har ya sa wani mutum-mutumi ya iya furta ɗaruruwan sunaye. Farashin abin shi ne amsoshin da mutum zai iya bayarwa a hira suka taƙaita zuwa huɗu, sau da yawa ma duk hanya ɗaya suke bi. Ƙorafi ya yi yawa, kuma a Starfield na 2023 kamfanin ya koma ga jarumi marar murya.

Wani abin da ke rage wa zanen fuska daraja shi ne, a wasanni da dama ba a ma ganin ta. A Skyrim na 2011 mutum zai iya shafe awa guda yana gyaran haɓa, sannan ya sa hular ƙarfe, ya buga sauran wasan ta idon jarumin. Cyberpunk 2077 na 2020 ya ba da zaɓi har na farce da haƙora, amma sai an tsaya gaban madubi ko an buɗe jakar kaya ake ganin aikin. Mutanen cikin wasan kuma ba ruwansu da yadda aka zana fuskar jarumin.

To amma kuskure ne a ce fuska ba komai ba ce, kuma a nan ne masu raina abin ke zalunci ba su sani ba. A 2007 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Stanford, Nick Yee da Jeremy Bailenson, suka nuna cewa siffar da aka ba mutum a duniyar kwamfuta tana sauya halinsa: waɗanda aka ba doguwar siffa sun fi tsayawa kai da fata wajen rabon kuɗi fiye da waɗanda aka ba gajeruwa. Sannan akwai tambayar wa aka saba gani a matsayin jarumi. A 2020, lokacin gwajin Baldur's Gate 3, Larian ta haɗa zaɓin da ya fi yawa a kowane sashe don ta ga wane mutum zai fito, sai ga wani Bature mai gajeren gashi, irin wanda ya cika bangon wasanni shekara talatin. BioWare ma ta bayyana cewa kashi 18 cikin 100 ne kawai suka zaɓi Shepard mace. Ga wanda kamanninsa suka dace da wannan Bature, allon zaɓi ado ne. Ga yarinya baƙar fata a Kano ko Yamai ko Landan, sau da yawa shi ne kaɗai ƙofar da za ta ga mai kama da ita yana ceton duniya.

Ita ma ƙofar ta daɗe a tsuke. Wasan Pokémon ya fito a 1996, amma sai a Crystal na 2000 aka iya zaɓar yarinya, sai kuma a X da Y na 2013 aka iya zaɓar launin fata. Gashi ya fi komai wuya. Wasa zai kawo salon gashi arba'in, na baƙar fata bai wuce biyu ko uku ba, su ma an yi su a gaggauce, saboda manhajojin zane an gina su ne a kan gashi mai santsi. Wannan ya sa A.M. Darke, malama a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, ta kafa rumbun zanen gashin baƙar fata wanda kowane mai haɗa wasa zai iya ɗauka kyauta, kuma a 2023 aka fitar da littafin koyarwa mai suna Code My Crown don nuna wa masu zane yadda ake kitso da murɗaɗɗen gashi a kwamfuta. Duk wadda ta san bambancin shuku da kalaba za ta gane dalilin da ya sa "kitso" guda ɗaya a jerin zaɓi bai isa ba.

Akwai wata hanyar cike wannan giɓi da ba ta bi ta allon zaɓi ba. A 2016 kamfanin Kiro'o Games na birnin Yawunde a Kamaru, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan. Jarumansa rubutattu ne: yarima Enzo da amaryarsa Erine, waɗanda surukinsa ya yi wa juyin mulki a ranar aurensu da naɗinsa, suka fita neman ƙarfi daga gadon kakanni. Ba a sauya musu fuska, kuma babu buƙata, domin tun daga tushe duniyar tasu ce.

Wasan da ya fi kowanne warware gardamar shi ne Disco Elysium na 2019, aikin wasu marubuta da masu zane 'yan Estoniya. Jarumin ɗaya ne ga kowa: wani ɗan sandan ciki da ya farka a ɗakin masauki bai tuna ko sunansa ba, ga gawa rataye a bishiya a bayan gini tana jiran bincike. Fuskarsa a kumbure take, ba gyara. Abin da ake ƙerawa shi ne cikin kansa. Akwai baiwa 24, kuma kowace tana magana da muryarta. Wanda ya ƙarfafa tausayi zai riƙa jin abin da mai ba da shaida ke ɓoyewa. Wanda ya ƙarfafa ilimin littafi, kansa zai yi ta katse shi da tarihin da ba a tambaye shi ba. Wanda ya bar jikin jarumin da rauni zai iya rasa ransa tun a ɗakin farko, garin ciro laktayen da ya maƙale a fankar sama. Mutum biyu za su gama wasan, su zauna hira, su tarar kamar ba ɗan sanda ɗaya suka riƙe ba.

Kamfanonin kansu har yanzu ba su tsaya a gefe ɗaya ba. Baldur's Gate 3, mai jinsin halittu 11 da sana'o'i 12, ya lashe kyautar wasan shekara a 2023, kuma ƙarfinsa shi ne mutanen cikinsa suna lura da abin da aka zaɓa: wasu ƙofofi na buɗewa ga wani jinsi, wasu mutane na tsorata da wani. A watan Disamban 2024 kuwa, da CD Projekt Red ta nuna bidiyon farko na The Witcher IV, masoya da dama suna fatan a wannan karon za a bar kowa ya gina maharbinsa. Kamfanin ya sanar cewa jarumar sabon wasan Ciri ce.