Daren da facin yarona ya ƙi aiki a Owendo

Na daɗe ina sayar da shadda da atamfa a Owendo, garin tashar jiragen ruwa da ke kudu da Libreville, inda jirgin ƙasan Transgabonais ke sauke gumagumai da ma'adinin manganis na Moanda. Na san ciwon kan kaya da bashi, amma ban taɓa zaton wasan kwamfuta zai hana ni barci ba.

Babban yarona, wanda alkunya ba za ta bari in kama sunansa ba, mayen ƙwallon PES 2017 ne, wasan kamfanin Konami na Japan. Wasan ya tsufa, amma matasa ba su sake shi ba, don ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa. Abin da suke yi shi ne faci, kamar dai na mai gyaran taya: su sauko da fayiloli masu ɗauke da sabbin riguna da fuskokin 'yan wasa da filaye, su liƙa wa wasan. Da haka Aubameyang zai fito da rigar Gabon ta bana.

Matsalar ita ce jeri. Fayilolin nan, da ake kira CPK, ana zuba su a folda guda, sai wani ɗan fayil mai suna DpFileList ya faɗa wa wasan wanda zai fara karantawa. Na baya shi ke danne na gaba. In jeri ya rikice, sai ka ga ɗan wasa da kan wani, ko wasan ya rufe kansa. Yaron ya rubuta 'yar manhaja da ke jera su da kanta. Wani maƙwabcinmu mai gidan wasa ya gani, ya ba shi jika biyar na sefa, aka sa masa a kwamfutoci huɗu.

Ranar wata Juma'a bayan isha'i, sai ga mutumin a ƙofar gida, rai a ɓace. Gobe yana da gasa, yara sun riga sun biya kuɗin shiga, ga shi kwamfuta ɗaya da zarar an zaɓi ƙasashen Afirka sai wasan ya mutu.

"Baba, a tawa fa tana aiki lafiya lau," in ji yaron.

Na ce masa, "Kai, in na sayar wa mace atamfa ta zuba, zan ce mata a shagona ba ta zuba ba? Ka karɓi kuɗin mutum. Ɗauki takalminka."

Muka tafi tare. Ban san komai a kwamfuta ba, amma na san yadda ake neman kuskure a lissafi. Na ce ya tambayi mai gidan me ya canza tun ranar da abin ke aiki. Ya ce faci ɗaya ya ƙara, wani abokinsa ya ba shi. Wanne ne? Ya manta. Fayil ashirin da huɗu ne a foldar, sai yaron ya cire rabi ya gwada, ya sake raba rabin da ke da cutar, har ya rage saura ɗaya.

Ashe fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Sunansa ne ya fara da harafin Faransanci mai alama a ka, wato é. Manhajar yaron ba ta gane irin waɗannan haruffa ba, sai ta tsallake shi shiru, alhali wani facin ya dogara da shi. Sauran kwamfutocin uku ba a sa musu sabon facin ba. Ya canza sunan, wasan ya tashi. Lokacin sha biyu ta gota.

A hanyar gida na ce masa gyaran bai ƙare ba, tunda a ƙasar Faransanci muke, gobe wani zai zo da irin wannan suna. Cikin makon ya koya wa manhajar haruffan, har da namu ƙ da ɗ da ɓ. Ya sa ta riƙa ajiye kwafin tsohon jeri kafin ta taɓa komai, saboda ɗauke wuta, ta kuma riƙa faɗin fayil ɗin da ta kasa karantawa maimakon ta yi gum. Na ba shi tsohon littafin bashina, yana rubuta kowace matsala da maganinta. Mahaifiyarsa kuma ta kafa doka: ba amsa kiran gyara sai Asabar da Lahadi, don jarrabawar bakaloriya na tafe.

'Yan'uwa iyaye, in kun ga yaro ya duƙufa a kan irin wannan, kada ku tsaya ga faɗa kawai. Ku tambaye shi wa ke amfani da abin da ya haɗa, kuma wa za a nema in ya lalace. Nawa dai yanzu gidajen wasa uku yake kula da su, kuma shi ke sayen littattafan makarantarsa.