Walki da Babbar Riga: Yadda Ƙasa Take Yanka wa Mutanenta Tufa

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya nufi kudu, ya ratsa Boɗinga har ya sauka Shagari, in yana da idon lura, zai iske tufafi iri biyu waɗanda asalinsu ya sha bamban ƙwarai, ko da yake ƙasa ɗaya ce ta haife su: babbar rigar da dattawa ke naɗe hannuwanta bisa kafaɗa ranar Juma'a, da kuma walkin fata, wanda yanzu ba a cika ganinsa ba sai a maƙera, ko jikin mafarauci, ko filin dambe bayan kaka. Mutane sukan raina na biyun, alhali kuwa ya girmi na farkon, kuma hikimar da ke cikinsa ba ta kasa ba.

Walki fatar akuya ce guda, wadda ba a tsaga ba a ɗinke, sai dai a ɗaura ta a ƙugu, a zago da sauranta tsakanin cinyoyi a soke, ta yadda ƙaya ba ta samun manomi, tartsatsi ba ya cin maƙeri. Aikin duka yana hannun majemi. Shi ne zai jiƙa fatar cikin ruwan toka har gashinta ya saki, ya kankare ta, ya wanke, ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa har ta jemu, sa'an nan ya shafe ta da mai ya yi ta murza har ta yi laushi. In ana son ja, a rina ta da karan dafi. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa, wadda fatake suka daɗe suna ƙetare Sahara da ita, ita ce Turawa suka riƙa saye a garuruwan Magrib suna danganta ta ga Maroko, mai akuya da majemi ba a ko ambace su ba.

Can ƙuryar arewacin duniya, a Kanada da Girinlan da Alaska, akwai al'ummar Inuwit, waɗanda suka kai ɗinkin fata matuƙa, domin su a wurinsu kuskuren allura halaka ne. Suna farautar wata barewar ƙasar sanyi, karibu, a ƙarshen bazararsu, lokacin da gashinta ya daidaita, kuma da yake kowane silin gashin yana da rami a ciki mai riƙe iska, sai su ɗinka riga biyu, ta ciki gashinta na fuskantar jiki, ta waje gashinta na fuskantar sarari. Matansu ne maɗinka, da tafin hannu da yatsu suke awo, da jijiyar dabba suke ɗinki, wadda in ta jiƙe takan kumbura ta toshe hudar allura. Abin mamaki shi ne yadda suke bin halittar dabbar: fatar gadon bayanta ta zauna a gadon bayan mutum, farar fatar cikinta ta zama ado. Rigar mace mai goyo, amauti, tana da zurfi a baya inda jariri ke kwanciya jikin uwarsa. Kowane yanki kuma da nasa yanka, wasu wutsiyar rigarsu siririya ce doguwa, wasu mai faɗi, har akan gane garin baƙo tun daga nesa. Daga wurinsu matafiyi Roald Amundsen ya koyi sutura tsakanin 1903 da 1905, ya kuma yi amfani da ita har ya isa ƙuryar kudancin duniya a 1911.

Mu nan zafi ne abokin gabarmu, saboda haka fata ba ta taɓa zama rigarmu ba. Ta tsaya a walki da takalmi da buzun salla da gafakar littafi. Addini kuma ya zo da nasa ma'auni. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi tafsili a kan fata, har Risala ta halatta amfani da fatar mushe in an jeme ta amma ta hana salla a kanta. Sun kuma iyakance al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa, iyakar da walki ba ya cikawa. Tufa ta zama shaidar aƙida, har Sarkin Gobir Nafata ya hana jama'ar Shehu Usmanu ɗaura rawani, matansu kuma yafa mayafi. Da Shehu ya zauna Sifawa, kusa da Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga, riga da rawani sun riga sun zama suturar masu ilimi da masu hukunci, ko da yake shi Malam Abdullahi bai daina zargin masu tara riguna don alfahari ba.

To, kamar yadda siffar dabba ta yanka wa Inuwit riga, haka masaƙa ta yanka wa Bahaushe tasa. Masaƙin gargajiya siririn ƙyalle yake fitarwa, wani faɗinsa bai wuce yatsu kaɗan ba, don haka maɗinki ba ya yanka ya zubar, sai dai ya jera tsiri kusa da tsiri, ya haɗa gaba da baya, ya ƙara hannuwa masu faɗi buɗaɗɗu domin iska ta ratsa, ya sa shafi a bakin ƙasa don rigar ta yi nauyi ta zauna. Sa'an nan malami ya zana aska biyu ko aska takwas da alƙalami da tawada a kan aljihu, ya zagaya da tambari, masu allura su bi zanen wata da watanni, daga bisani masu bugu su daddake ta har ta yi sheƙi. Masana riga sukan bambanta aikin Nufawa da na Zazzau da na Kano, su san saƙi da barage da tsamiya da kore, su kuma faɗi darajar kowace ba tare da sun tambayi dillali ba.

Marigayi Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato a lokacin, ya shiga fadojin duniya da wannan riga yana shugaban ƙasa tsakanin 1979 da 1983, har doguwar hular da yake sawa ta ɗauki sunan garinsu a bakin 'yan kasuwa. Rigar yau ta shadda ce mai faɗi, surfaninta na keke, ana gama ta cikin kwanaki. Amma tela a Boɗinga ko Shagari har yanzu a miƙe yake yanka ta, kusurwa huɗu, hannuwa a buɗe, bisa ƙa'idar tsirin masaƙar da galibinsu ba su taɓa zama a kanta ba.