Hukuncin Haya Idan Abokan Zama Suka Rabu

A zango-zangonmu na Ankara da Kumasi, mutum biyu kan haɗa kuɗi su kama ɗaki ko shago, su biya hayar shekara ɗaya ko biyu gaba ɗaya, duk da cewa dokar haya ta Gana ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da ta wata 6 a gaba ba. Kafin wa'adi ya cika sai a rabu, sai rigima ta tashi: ina kuɗin wanda ya fita?

A fiƙihun Malikiyya, ijara ƙulli ne lazimi. Ma'ana, da zarar an ƙulla, ba mai warware shi shi kaɗai. Rabuwarku ba ta rushe alkawarinku da mai gida ba. Don haka wanda ya fita don ra'ayin kansa ba zai tilasta mai gida ya mayar masa da kuɗi ba, haka kuma ba zai tilasta abokinsa ya sayi rabonsa ba. Shi ma wanda ya zauna, bai halatta ya mamaye wurin duka ya ce ai ɗan uwansa ya tafi ba. Wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna.

Mafita uku ce. Ta farko iƙala, wato mai gida ya yarda a warware, ya mayar da kuɗin watannin da suka rage. Ta biyu, wanda ya zauna ya karɓi rabon abokinsa ya biya shi. Misali, haya sidi 500 ce a wata, an biya ta wata 24, aka rabu bayan wata 10. Saura wata 14, wato sidi 7,000, to haƙƙin mai fita sidi 3,500 ne. Ta uku, mai fita ya kawo wani a madadinsa wanda ba zai fi shi cutar da wurin ba, da yardar mai gida da abokin zama.

Kowacce aka zaɓa, a je wurin mai gida tare, a sabunta takarda, a cire sunan wanda ya fita, a lissafa kuɗin wuta da ruwa da gyara. Idan biyan zai jinkirta, ya zama bashi, kuma aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu.

Ma'aurata kuwa hukuncinsu daban ne. Matar da aka saka bayan tarewa tana yin iddarta a ɗakinta, hayar kuma tana wuyan miji.

Idan an kasa daidaitawa, a zo wurin liman ko sarkin zango kafin a kai ofishin Rent Control. Allah ne mafi sani. Allah ya tsare mu da cin haƙƙin juna.